Karan Awon Kawu Ishaku

Alsawra, Umdurman
12 ga Janairu, 1992

Zuwa ga taubashina Salahuddin, malamin Turanci a Zariya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san Hausarmu ta nan a baki take, hannu bai saba da ita ba. Hajiya Mariyamu mai safarar turare za ta ba ka wannan hannu da hannu. Irin wannan takarda ba ta gidan waya ba ce.

Baban Iman ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ka ji labarin yadda wasu mutane suka je garejinsu a Alshajara tun watan Satumba, suka jawo shi daga ƙarƙashin motar da yake gyarawa, da shuɗiyar rigar aikinsa wadda na ɗinka masa sunansa a aljihu. Wata uku ba labari. Ranar Talatar ƙarshen Disamba, da hantsi, wata farar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Suka ce gawarsa suka kawo, mahaifinsa kaɗai suke so. Ba wanka, ba buɗe fuska, ba rumfar makoki. Kawu Ishaku ya zari karan dawa daga dangar awaki, yadda ya saba in za shi auna gawa, ya hau bayan motar. Shekara hamsin yana haƙa wa 'ya'yan mutane kabari, ran nan ya haƙa wa nasa.

Ya dawo bayan la'asar, ƙasa har gira. Ya wuce Iya, uwar baban Iman, tana birgima a tsakar gida, ya zo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinmu ya daɗe, sannan ya shige nasa. Tun daga ranar bai sake magana ba. Yana ci, yana salla, leɓensa na motsi. An kawo likita ya ce ba shanyewar jiki ba ce, harshensa lafiya lau.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kullum da hantsi, in Iya ta tafi kasuwa, sai ya zo gaban ɗakin da nake takaba ya tsuguna. Ya share rairayi da tafin hannu, ya yi rubutu da yatsa. Rubutun Turanci, Salah, manyan baƙaƙe! Mutumin da ko sunansa ban taɓa ganin ya rubuta ba. Kalma ɗaya yake yi, ya zuba min ido har sai na duba, sannan ya goge. Wallahi ranar farko duk gashin jikina sai da ya miƙe.

Da ɗan guntun Turancina na makaranta na kwafe su. Na aika wa malamin makarantar unguwa, ya duba ƙamus ɗinsa, ya gane ɗaya da ƙyar, ya ce sauran ba Turanci ba ne. Iya kuwa ta yanke hukunci: aljanin maƙabartar Nasara ne ya biyo shi. Tana so a kai shi wurin wani shehi a bayan gari, inda ake sa wa mutane mari a ƙafa.

Ga su: SEXTON. LICH. CERECLOTH.

Kai da ka gudu ka bar mu saboda Turanci, to ga ranarka ta zo. In shirme ne ka gaya min shirme ne. Ni dai tsoro nake ji.

Iman tana gaishe ka. Ba ta daina tambayar yaushe babanta zai gama gyaran motar ba.

Taubashiyarka ta dole,
Kubra

*

Zariya
9 ga Fabrairu, 1992

Kubra,

Wa alaikumus salam. Mu nan lafiya. Na karanta takardarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune a ƙasa. Allah ya jiƙan mijinki Dogo, ya sa ya huta, ya ba ki haƙuri. Tare muka koyi iyo a Nilu, shi ya fi ni jin tsoron ruwa amma kullum shi ke fara faɗawa. Kwana uku na kasa shiga aji.

Ba shirme ba ne, kuma ki gaya wa Iya ba aljani ba ne. Turanci ne, amma wanda ya tsufa har masu shi suka manta da shi. Ƙamus ɗina ma bai ɗauko su duka ba. Sai da na je ɗakin karatu na jami'a, inda akwai wani mai juzu'i goma sha biyu da ba mai taɓawa sai gara.

SEXTON shi ne mai kula da maƙabartar coci, mai haƙa kabari. LICH gawa ce. Kalmar ta fi shekara dubu. CERECLOTH ƙyalle ne da ake shafewa da kakin zuma a naɗe mamaci, don kada ruwa ko wari ya fita.

Ke yarinya ce lokacin da Baba Ishaku yake ba mu wannan labari, kuma ko da kina wurin surutu ba zai bar ki ki ji ba. Kafin Turawa su tafi, yana saurayi, a maƙabartarsu ta Khartum ya fara aiki. Shugabansa wani tsohon Bature ne da suke kira Mai Lofe, ɗan ƙauye, wanda ya ce Turancin zamani bai dace da matattu ba. Da kalmomin kakanninsa yake aiki, kuma duk wadda ya koya wa Baba sai ya sa shi ya rubuta ta a allo. Baba bai iya haɗa zance ɗaya da Turanci ba. Ko ruwa bai san yadda zai roƙa ba. Kalmomin kabari kawai ya sani, su ne kuma kaɗai rubutun da hannunsa ya taɓa koya.

Saboda haka ga fahimtata. Tsoho ya binne ɗansa da hannunsa, baƙin ciki ya mayar da shi ƙuruciya. Cewa yake: ni mai haƙa ne, na ga gawa, ga likkafani. Kuka ne yake yi a rairayi. Ku bar shi ya yi, kada a kai shi ko'ina.

Yanzu batunki. Me ya rage miki a garin nan? In kin fita takaba ki ɗauko Iman ku taho. Na gyara ɗakin baya, makaranta tana kusa, matata ta ce in gaya miki har tabarma ta saya. Baba da Iya su koma Jazira wurin 'yarsu. Gidan da aka san ƙofarsa ba wurin zaman mace da yarinya ba ne.

In ya rubuta wasu ki turo. Ban taɓa zaton zan yi miki aikin ƙamus ba, ke da kike ce min Baturen gwangwani.

Naki,
Salahuddin

*

Alsawra
1 ga Maris, 1992

Salah,

Salama da gaisuwa. Muna lafiya, azumi ya ƙarato, sukari ya zama sai wane da wane. Na gode da amsarka. Na karanta wa Iya, ta ce to, aljanin ma ashe ɗan boko ne. Amma ta fasa zancen shehi.

Na yarda, zan zo. Kwana biyu na yi ina kuka kafin in ce haka. Takaba za ta ƙare farkon watan Mayu. Wani ɗan'uwan Iya ya samo waɗanda za su shiga gidan, mutanen arewacin ƙasar nan ne, ba su san mu ba, ba mu san su ba.

Sai dai fahimtar taka ban gama gamsuwa da ita ba. Mai kuka ba ya duba hanya kafin ya yi kuka. Kawu kuwa sai ya leƙa zaure, ya dubi katanga, sannan ya tsuguna. Akwai wani mutum mai baƙin tabarau da ke zuwa duk Alhamis, wai abokin baban Iman ne, ni ban taɓa ganinsa ba. Yana kawo mana ƙullin sukari. Ba ya zama. Tambayarsa ɗaya ce: «Tsoho ya fara magana?» In an ce a'a sai ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya tafi da fara'a. Ranar Alhamis Kawu ba ya rubuta komai.

Tsoffin kalmomin ya daina su. Yanzu uku ne sababbi, kullum su, a jere, sati biyu ke nan. In na kalla na girgiza kai sai ya daki ƙasa da tafin hannu, idonsa ya kawo ruwa. Jiya ya kama gefen zanena, shi da ko inuwata ba ya takawa saboda kunya.

METEWAND. SHAFTMENT. CHANGELING.

Wani abin kuma, tunda ka ce in riƙa gaya maka komai. Iya tana shara ta ga kara a ƙarƙashin gadon igiyarsa, a naɗe cikin tsohon rawani. Karan da ya auna gawar da shi ne. Ka san al'ada, a kan kabari ake barinsa, ba mai shigo da shi gida. Iya ta yi salati ta ce mutuwa yake kira mana, wa kuma yake so ya auna? Ta kai hannu, ya kwanta a kansa kamar kaza a kan ƙwai. Ni ma gaskiya ba na son wucewa ta ƙofar ɗakin yanzu.

Ka duba min su in ka sami sarari. Hajiya tana sauri.

Kubra

*

Alsawra
26 ga Afrilu, 1992

Malam Salahuddin,

Gaisuwa. Muna raye, in kana son sani. Azumi ya zo ya wuce, salla ta wuce, ko layi ɗaya ba ka aiko ba. In ɗakin bayan naka wani ya shiga, ka faɗa, ba yau aka fara yi wa bazawara tayin baki ba.

Ni dai na ɗaure kaya. Ranar goma sha biyar ga Mayu za mu taso, washegari masu gida su shiga. Kayan baban Iman na raba wa mabukata, sai takalmansa da ba wanda suka yi wa.

Kawu ya rame. Kalmomin nan uku har yau su ne, yatsansa ya tsage saboda rubutu. Iya ta faki idonsa yana salla ta ɗauke karan ta cusa cikin itacen girki, ta rantse da shi za ta dafa abincin sallamarmu. Ya neme shi har ƙarƙashin tukwane. Na san inda yake, ban nuna masa ba. Allah ya yafe min, na gaji da tsoro.

Wani ɗalibi mai komawa Kano zai kawo maka wannan.

Kubra

*

Zariya
28 ga Afrilu, 1992

Kubra,

Sallama a gurguje, lafiyarmu ƙalau. Jiya jiyan nan takardarki ta ɗaya ga Maris ta iso. Hajiya Mariyamu ta wuce Umra da ita a cikin jaka, ta yi azumi a can, ta manta. Na kusa yi wa dattijuwa rashin kunya. Ban sani ba ko kin sake rubutowa, ban san abin da ya faru cikin wata biyun nan ba, kuma wannan shi ke cin raina.

Na yi kuskure a takardata ta farko. Ki zauna kafin ki karanta.

METEWAND sandar awo ce. SHAFTMENT wani awo ne na mutanen da: ki dunƙule hannu ki miƙe babban yatsa, daga gefen hannun zuwa kan yatsan. CHANGELING shi ne ɗan musanya. Turawan da sun yi imani aljanu na ɗauke yaro su ajiye wani a madadinsa. Daga baya kalmar ta zama sunan duk wanda aka sa a gurbin wani.

Sanda, da awo, da musanya. Kin ce ranar da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinku ya daɗe. Na karanta wannan layi a watan Fabrairu na wuce shi, ina ta fassara baƙin cikin tsoho kamar na san wani abu. Kubra, ƙofar nan ce Dogo yake buga goshi tun ranar da aka kai ki. Ke da kanki kika ce man kansa ya yi wa katakon tabo.

Kada a taɓa karan nan. Ki ɗauke shi lokacin da ba kowa, ki tsayar da shi a bakin ƙofar. Mai awon gawa ƙari yake yi, ba ya ragewa, balle Baba.

Ban ce miki komai ba. Ban san komai ba. Ki auna kawai.

Ma'aikacin jirgi ne zai kawo wannan, na roƙe shi da girman Allah.

Salahuddin

*

Alsawra
19 ga Mayu, 1992

Salah,

Assalamu alaikum. Ni da Iman da Iya muna lafiya. Kawu ya rasu ranar Laraba. Zan ba ka labarin a jere. In ka karanta ka ƙona.

Takardarka ta iso ran goma ga wata da hantsi, kayana duk a ɗaure a zaure. Na fita ba takalmi zuwa wurin itace. Saura ɗauri ɗaya, karan yana ciki. Da ka ƙara kwana biyu da toka za ka tarar.

Na tsayar da shi a bakin ƙofa. Bai kai katakon ba. Na dunƙule hannuna na miƙe yatsa na sa a tsakani, ya shige, har da ɗan saura, don hannun Kawu ya fi nawa. Baban Iman kuwa sai ya sunkuya yake shiga.

Da na waiga, Kawu yana tsaye a bayana. Ya dubi karan, ya dube ni. Sai na ji murya kamar ta tsohuwar ƙofa: «Alhamdu lillahi. Kara ya faɗa.»

Ya ja ni cikin ɗaki ya gaya min, a hankali, sau ɗaya. A ɗinke suka kawo gawar cikin tamfol. Yana ɗora kara ya san ba ɗansa ba ne, ya kuma faɗa musu. Babbansu ya duba takarda ya ce ga suna nan, a aljihun rigarsa aka karanta. Kawu ya ce shekara hamsin kara bai taɓa yi masa ƙarya ba. Sai mutumin ya ce: «Baba, takarda ta riga ta ce ɗanka ya mutu. Ko dai ka binne wannan ka riƙe bakinka, ko mu koma mu gyara kuskuren, mu kawo maka wanda zai yi daidai da karanka.» Suka ɗora hannunsa a kan Alƙur'ani, ya rantse harshensa ba zai faɗa wa kowa ba. Ya ce ya san kansa, in ya buɗe baki ya ga Iya tana kuka zai faɗa. Shi ya sa ya rufe shi gaba ɗaya.

Wata huɗu da kwana goma, Salah. Mijin wata na yi wa takaba.

Da ya gama ya ce ya karya rantsuwa, kuma ba shi da abin ciyar da miskinai goma, don haka azumi uku ya hau kansa. Na roƙe shi, na yi kuka, na ce ya bari zafi ya sauka. Ka san Mayun Umdurman, ko ƙadangare ba ya fita. Bai sake ce min komai ba. Rana ta biyu ya rarrafo gaban ɗakina ya rubuta kalma ɗaya sabuwa, wannan karon bai goge ba. Rana ta uku ya kai magariba, ya sha ruwa, ya kwanta.

Kalmar ita ce SNECK.

Ba zan zo ba. Na kwance kaya, na ba masu shiga gida haƙuri, sun zage ni sun tafi. Iya ba ta san komai ba, ba kuma za ta sani ba, bakinta ba shi da linzami. Tana ganin na zautu. Mutumin Alhamis ya zo ta'aziyya, ya tambaya ko tsoho ya bar wasiyya. Na ce da wane bakin?

Na san ka, yanzu kana tunanin 'yan rediyo da masu rubuta ƙorafi. Kul! Ransa a rataye yake da shirunmu. In ma yana da ran.

Kubra

*

Zariya
14 ga Yuni, 1992

Kubra,

Barka da salla, in akwai barka. Allah ya jiƙan Baba. Ni da nake cin abinci da Turanci ban kai shi sanin amfaninsa ba. Na ƙona takardar, ban gaya wa ko matata ba.

SNECK sakatar ƙofa ce. Shi ke nan. Kalmar ƙauyawan arewacin ƙasarsu ce. Ina jin ita Mai Lofe yake faɗa masa duk yamma in za a rufe ƙofar maƙabarta. Na juya ta ta kowane gefe ban ga mutuwa a cikinta ba. Ban kuma san ko cewa yake ki sa ta ko ki cire ta ba, kuma na daina yi wa Baba fassarar abin da yake nufi.

Dole in faɗa miki abu ɗaya ko za ki ji haushina. Karan ya nuna wanda ba ya cikin kabarin. Bai nuna inda Dogo yake ba, bai ce yana numfashi ba. Kina iya shekara goma a gidan nan. Ɗakin baya yana nan, ba mai shigarsa.

Salahuddin

*

Alsawra
6 ga Satumba, 1993

Taubashina,

Salama da gaisuwa mai yawa. Ka yafe min shirun shekara guda. Ba abin rubutawa ne, sai wankau da nake yi wa mutane da sayar da shayi a bakin titi. Iman ta shiga makaranta. Iya idonta ya yi rauni.

Ni na san abin da Kawu yake nufi, ban buƙaci juzu'i goma sha biyu ba. Tun ranar da amsarka ta zo na cire sakatar ƙofar gida na jefa a rijiya. Iya ta ce ɓarayi za su kwashe mu. Na ce su zo, su ɗauki takalman.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, an ɗan yi yayyafi, ina tsince shinkafa a tsakar gida. Sai ƙofa ta buɗe ba sallama. Wani tsoho ya shigo da jallabiyar da ba tasa ba, kansa fari fat. Bai dube ni ba. Ya miƙe kai tsaye zuwa ɗakinmu ya shige.

Bai sunkuya ba, Salah. Ko gashinsa bai taɓa katakon ba.

Kalmar nan taka ta musanya ita ta faɗo min. Na zauna da tire a cinya, ina cewa a raina wa kuma aka aiko min? Iya ce ta tashi da lalube ta bi shi. Ta shafa bayan kunnensa inda ƙarfe ya taɓa yankarsa, ta ƙwala ƙara. Shi ne. Bayansa ne ya lanƙwashe, ba ya miƙuwa. Kada ka tambaye ni me aka yi masa, ban tambaya ba. Sun sauke shi a bakin gada suka ce ya tafi, ai shi a takarda matacce ne. Iman ta ɓuya a bayan randa, sai jiya ta yarda ya taɓa kanta.

Farin ciki nake, wallahi farin ciki nake. Ina faɗa maka ne don ni ma in ji.

Shekaranjiya ya ga karan a bayan ƙofa, ya tambaya, na gaya masa komai. Ya tashi ya tsaya kusa da shi. Yanzu tsawonsu ɗaya. Ya daɗe yana shafa shi, sannan ya ce: «Tiya ne.»

Wani birkila ne, mutumin duwatsun Nuba, ɗaki ɗaya aka kulle su. Zazzaɓi ya kama shi yana rawar sanyi, baban Iman ya tuɓe rigar aikinsa ya sa masa. Da safe aka fitar da shi da rigar. Sunan da na ɗinka da hannuna shi suka karanta.

Yana da mata a unguwar Dar Salam, nan bayan gari, sunanta Bakhita, da 'ya'ya uku. Jiya na aika aka duba min. Tana nan. Ba wanda ya taɓa kawo mata labari. An ce danginta sun yi sun yi ta koma gida ta ƙi, kuma ƙofarta ba ta da sakata.

Baban Iman ba ya iya doguwar tafiya, kuma in ya fara zancen Tiya numfashinsa sarƙewa yake. Don haka ni zan je. Na naɗe karan cikin rawanin Kawu. Zan kai mata ta tsayar a bakin ƙofarta, sannan in raka ta in nuna mata kabarin da nake zuba wa ruwa duk Juma'a. Takabar da na yi tata ce, ban san yadda ake mayar wa mutum da irin wannan ba.

Ka koma wurin babban littafin naka ka duba min, ko a cikin tsoffin kalmomin da aka manta akwai wadda mace take faɗa wa 'yar'uwarta in ta zo mata da kara a hannu. Na nema a Hausa, na nema a Larabci, ban samu ba. Ka duba ko da amsar ba za ta iso ba, don motar Dar Salam da sassafe take tashi.

Kubra